Jawabin Ƙaddamar da Asusun Mayar da Turken Dabbobin Cigiya Bayan Gari

 

Mai girma Yandakan Katsina, Hakimin Dutsin-Ma, Allah ya ja zamaninka. Mai girma Maradin Katsina, Hakimin Kurfi, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Shugabannin ƙananan hukumominmu biyu da kansiloli, dagatai da masu unguwanni, limamai da malamai, Sarkin Fulani da arɗaɗe, Sarkin Zango, Sarkin Fawa, dillalai da 'yan turke, likitoci da malaman dabbobi, iyayenmu mata, da jama'ar Kutawa masu masaukinmu: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Sannunku da zuwa. Mutanen Karofi, Kuki, Shema, Makera da Dabawa, da 'yan'uwanmu na Tsauri, Rawayau, Birchi da Wurma, Allah ya saka muku da alheri, ya mayar da kowa gida lafiya.

Abin da ya tara mu a yau shi ne ƙaddamar da asusun da za a ɗauke turken dabbobin cigiya daga tsakiyar gidaje, a kai shi fili mai yalwa a bayan gari. Wani zai ce ashe don akuya da jaki aka tara sarakuna. E, don su ne, kuma don masu su.

Ku duba irin dabbar da ke ƙarewa a wannan turke. Akwai akuyar da ta tsinke da damina ta faɗa gonar gero, mai gona ya kamo ta ya kai ƙara. Akwai ragon da ya ɓalle ranar Laraba cikin hayaniyar kasuwar Dutsin-Ma, mai shi ya koma ƙauye yana ta cigiya. Akwai tsohon jakin da bayansa ya yi gyambo, aka sake shi ya bi gari. Sannan a shekarun nan an samu wani kaso mai nauyi, wato shanu da tumakin da jami'an tsaro ke ƙwatowa daga hannun ɓarayi, musamman ta wajen dajin Rugu, waɗanda dole a killace su kafin masu su su zo su ba da shaida. Irin waɗannan suna isowa a rame, ƙafa a kumbure, an kora su kwana da kwanaki ba hutu.

Duk wanda ya taɓa leƙa turken cikin watan Agusta ya san abin da nake nufi. Saniya tana tsaye cikin caɓi har idon sawu, ba inda za ta kwanta. Ka ɗaga kunnenta ka ga kaska jere, sun sha jini sun yi tiɓis. Kofato ya fara ruɓa, ƙuda na bi. Ɗan akuya mai zawo da majina yana cin abinci kwano ɗaya da lafiyayyu. Igiyar da aka ɗaure wata tunkiya da ita ta ci wuyanta, don ba wanda ya tuna ya sassauta. Mutumin da aka bar wa tsaro kuwa, sau da yawa daga aljihunsa yake sayen dusa, in ya gaza ya zuba musu ido. Bayan katanga kuma gidajen mutane ne, yara na wasa a kwatar da ruwan turken ke bi.

Waɗanda suka zaɓi wurin tun farko ba su yi kuskure ba, garin ne ya cim masa. Dutsin-Ma ta yau ta wuce wadda iyayenmu suka sani. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga ma'aikata da ɗalibai da masu gidajen haya, ga kuma bayin Allah da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukan yamma suka shigo gari da abin da ya rage musu na dabbobi. Inda dā ake kiwo, yanzu unguwa ce.

Batun cuta ya isa hujja shi kaɗai. Dattawan Fulani da ke zaune a nan sun san bushiya, sun san yadda take share garke. Da allura da killacewa aka yaƙe ta, har aka bayyana a 2011 cewa ta ƙare a duniya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ta faro tun 1924, tana nan tana yin allurar rigakafi. To amma ciwon huhun shanu bai tafi ba, annobar awaki da tumaki ba ta tafi ba, haukar kare ma haka. A 2023 an tabbatar da ɓullar cutar saifa a Jihar Neja, cutar da ke kama dabba ta kama mutum. Turken da ake haɗa dabbar da ta fito daji da ta cikin gari, a mayar wa mai ita ba tare da likita ya duba ba, hanya ce ta raba cuta gida-gida. Malamanmu kuma sun sha karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ci ba sha. Mu da muka ɗaure dabba da sunan al'umma, hakkin cinta da shanta ya hau wuyanmu duka.

Yanzu bari in zo kan tsari, don a nan ne ayyuka irin wannan suke mutuwa. An saba a tara kuɗi, a ja katanga, a kafa allo, a yanka ƙyalle, bayan damina biyu ka tarar ciyawa ta rufe ƙofa. Kwamitin wannan aiki ya yanke shawarar ba za a aza bulo ko ɗaya ba sai an gama da maganar fili. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta bai wa ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a filayen karkara. Muna son wannan takarda a hannu, da sa hannun dagaci da na magada, a biya duk mai gona diyyarsa a gaban shaidu. Filin kada ya toshe burtali, kada ya kasance a kwari inda ruwa ke kwanciya, kada kuma ya yi nisan da tsohuwa ba za ta iya takawa ta karɓo akuyarta ba, ko ya keɓe har ɓarawo ya same shi a sauƙaƙe. Wannan na ƙarshe kowa ya san nauyinsa.

Bayan fili sai ruwa. Babbar saniya da bazara tana shan lita 30 zuwa 40 a yini. Muna maƙwabtaka da madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, amma kusanci da dam bai taɓa shayar da dabbar da ke ɗaure ba. Sai an haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da tanki, da kwamin sha na siminti. In ruwa bai samu ba, ba za mu tashi daga tsohon wuri ba, gara a jinkirta.

Ginin kansa ba mai tsada muke nema ba: shinge mai ƙarfi, rumfa, daɓe mai gangara, keɓantaccen sashe inda sabuwar dabba za ta yi makonni uku kafin a haɗa ta da sauran, da rumbun abinci. Rumbun nan ina roƙon a ɗauke shi da muhimmanci. Harawa da kowar wake da karan dawa suna araha da kaka, zuwa watan Afrilu kuwa damin harawa sai mai hali. Wanda bai saya da kaka ba zai saya ninki, ko ya bar dabba da yunwa.

Sai littafi. Duk dabbar da ta shigo a rubuta ranar zuwanta, wanda ya kawo ta, inda aka same ta, launinta da shaidarta: farar Bunaji ce ko jar Rahaji, Balami ne ko Uda, tsaga ce a kunnen dama ko tabon wuta a cinya. A ɗauki hotonta da waya. A yi shela a masallatan Juma'a da ranar kasuwa. Mai cigiya ya faɗi shaida tun kafin a nuna masa, ya zo da mai unguwarsa ko arɗonsa. Wadda aka daɗe ba a zo nema ba, alƙali da malamai su faɗi hukuncinta, a rubuta. Da wannan littafi ne za a kare mai tsaro daga zargi, a kuma rufe ƙofar da dabbar sata ke bi ta koma kara. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama saboda tsaro. Dillali ya ji a jikinsa, mahauci ya ji, matar da ke son sayar da akuya ta kai ɗanta asibiti ta fi kowa ji. Duk abin da zai tsabtace wannan sana'a, ribarmu ce.

To ina kuɗin zai fito? Za mu raba asusun gida biyu, kuma ba za a taɓa ɗaya don ɗaya ba: kuɗin gini daban, kuɗin ciyarwa da magani da albashin mai tsaro daban. Na gini, gudummawar yau ce za ta ɗauke shi. Na gudanarwa kuwa yana buƙatar abin da ke shigowa kowane wata. Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa kasuwanni da mayanka cikin ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Don haka, ranku ya daɗe shugabanni, roƙonmu shi ne a sa albashin mai tsaro da ziyarar malamin dabbobi cikin kasafin shekara, a rubuce. A 2024 ɗin ce kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi, za mu kai takardarmu can ta hannun jiha. Sashen kimiyyar dabbobi na jami'armu muna gayyatarsa ya turo ɗalibai su koyi aiki a nan, su taimaka da duba dabbobi.

Dillalai da mahauta, ku zauna da Sarkin Zango da Sarkin Fawa ku yanke abin da za ku iya cirewa daga la'ada duk ranar kasuwa, komai ƙanƙantarsa, in dai ba zai yanke ba. Mai dabbar da ya zo karɓa zai biya kuɗin ciyarwa daidai kwanakin da ta yi, da rasit. Sai dai ina roƙon a yafe wa wanda ɓarayi suka kore wa garke, da gwauruwar da ba ta da kowa. Manomin da ba shi da kuɗi ya kawo damin harawa, magini ya ba da yini guda, mai amalanke ya kawo yashi. Za a rubuta kowanne da sunan mai shi.

Kuɗin zai zauna a banki, ba a gidan kowa ba, kuma ba ya fita sai da hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace, domin yawancin awakin da ke shiga turken nan na mata ne. Duk bayan wata uku za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a ƙofar fadar hakimi, a manna kwafi a kara. Wanda ya yi alkawari yau, muna roƙonsa ya cika kafin kaka ta wuce, don mu sayi harawa tana araha.

Da izinin iyayenmu hakimai, ina ƙaddamar da wannan asusu da sunan Allah. Magatakarda zai karanto lambar asusun, sannan a fara karɓar gudummawa daga teburin manyan baƙi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da dukiyoyinmu, ya dawo mana da zaman lafiya a Jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya.