Yadda Za a Riƙe Ma'aikata a Gundumomin Haɗejiya



Maganata yau a kan ma'aikacin da ake turo muku ce, ko malamin makaranta, ko na asibiti, ko na gona. Sau da yawa kafin ya shekara sai ku ji ya rubuta takardar neman canji, ko kuwa ya ajiye aikin ya tafi Kano.

Ku dubi asarar da ke cikin wannan. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗejiya ta sake, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa wajen Guri da Kirikasamma. Malamin gona da ya shekara goma a can ya san fadamar da ke cika da wuri, ya san burtalin da ke jawo rigima tsakanin manoma da makiyaya. Wannan sani ba ya cikin takardun ofis. Ran da ya tafi, da shi zai tafi. Shekarar ambaliya kuwa, irin ta 2022, tsohon hannu ake nema.

To, me za ku yi? Abu huɗu ne.

Na fari, albashi. Tun 1976 da aka rushe En'e, biya ba ya hannun masarauta, amma hakimi yana da baki. In haƙƙin ma'aikaci ya makale, magatakarda ya rubuta wa ƙaramar hukuma ko ma'aikatarsa, a yi ta bi har ya fito.

Na biyu, masauki. A nema wa baƙo gida kan tudu tun bai iso ba, kusa da rijiya. In da hali, dagaci ya ara masa gona. Wanda ya kawo iyalinsa ya yi shuka ba ya saurin ɗaure kaya.

Na uku, mutunci. In ya yi kuskure, a kira shi gefe, kada a tsawata masa gaban talakawa. In ya yi abin kirki, a faɗa a zauren hakimi, a kuma sa cikin rahoto, don ya taimake shi ran ƙarin girma. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Na huɗu, bincike. Malamai, ku buɗe littafi: sunan kowane ma'aikaci, ran da ya zo, ran da ya tafi, da dalilin da ya faɗa da bakinsa. In mutum uku suka bar gari ɗaya a jere, to a binciki garin tukuna kafin a zargi mutanen.

Gwamnati tana iya turo mutum, amma zamansa a hannunku yake. Allah ya taimake mu, amin.