Raɗin Suna a Sararin Samaniya

Bahaushe ya ce suna linzami ne. Abin da ba shi da suna ba a iya kiransa, ba a iya jan akalarsa, ba a kuma iya gadonsa. Saboda haka ne masuntan Argungu ba su bar guraben kogi haka nan ba, sai da suka raɗa musu sunaye irin su Matan Fada. Haka kuma manomin ƙasar Kabi ya ɗaga kai sama ya ce ga Zara matar wata, ga Gamzaki mai fitowa da asuba, ga Kaza da 'Ya'yanta. Amma akwai waɗansu halittu a samaniya da ido ba ya ganinsu sai da madubin hangen nesa, watau duwatsun da ke kewaya rana, galibinsu tsakanin duniyar Mirrihu da ta Mushtari. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda ake raɗa wa waɗannan duwatsu suna, da kuma rabon da ƙasar Hausa ta samu a ciki.

Ranar 1 ga Janairu, 1801, wani masanin taurari mai suna Giuseppe Piazzi ya hango na farkonsu daga birnin Palermo na ƙasar Italiya ta yanzu. Faɗinsa ya kai kimanin kilomita 940. Ya kira shi Ceres, sunan abar bautar Rumawa ta hatsi, ya kuma liƙa masa sunan sarkinsa Ferdinand. Masanan sauran ƙasashe suka karɓi na farkon, suka yar da na sarkin. Tun daga ran nan aka gane cewa raɗin suna a sama ba ya rabuwa da siyasar ƙasa. Pallas ya biyo baya a 1802, Juno a 1804, Vesta a 1807, dukansu daga tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa. Da duwatsun suka yawaita, tatsuniyoyin suka kasa, sai aka koma ga sunayen garuruwa da koguna da malamai da mawaƙa.

A yau Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya, wadda aka kafa a 1919, ita ce mai yanke hukunci. Tsarin nata kuwa ya yi kama da na jariri, wanda ba a yanka masa rago sai ya kwana bakwai. Da zarar an hango sabon dutse, sai a ba shi alamar wucin gadi: shekarar da aka gan shi, da harafi mai nuna rabin watan, da wani harafin mai nuna jerinsa. Alal misali, dutsen da aka gano ranar 19 ga Yuni, 2004, an fara kiransa 2004 MN4, domin harafin M na rabin ƙarshen Yuni ne. Sa'an nan a yi ta bin sawunsa, sau da yawa shekara da shekaru, har a tabbatar da hanyar da yake bi. In ta tabbata sai a ba shi lamba ta dindindin. Wannan dutse ya sami 99942, aka raɗa masa Apophis, sunan macijin ɓarna na tsofaffin Misirawa, domin yana cikin masu kusantar duniya. Lissafi ya nuna ranar 13 ga Afrilu, 2029, zai gifta da tazarar kimanin kilomita 32,000 ba tare da ya taɓa ta ba.

Wanda ya gano dutse shi ne uban suna, kuma yana da shekara goma bayan ba da lamba ya gabatar da zaɓinsa, tare da taƙaitaccen bayanin dalili. Sharuɗɗan a fili suke. Kada sunan ya wuce harafi 16, ya furtu a wani harshe na duniya, kada ya zama zagi ko tallar kaya, kada ya yi kama da wanda aka riga aka bayar. Mutumin da ya shahara ta fuskar mulki ko yaƙi kuwa sai ya shekara ɗari da rasuwa. Ke nan Kanta na Kabi, wanda ya yi zamani a ƙarni na 16, ya cika sharaɗi tuntuni, Sardaunan Sakkwato kuwa, da ya rasu a 1966, sai shekarar 2066. Duwatsun da aka sani sun haura miliyan ɗaya, amma masu suna ba su kai 30,000 ba. Fili dai yana nan fetal.

To, ina rabon Afirka? Cikin shekarun 1930 wani Bature mai suna Cyril Jackson, yana aiki a Johannesburg, ya gano duwatsu da dama ya raɗa musu sunayen nahiyar: 1193 Africa, 1278 Kenya, 1279 Uganda, 1432 Ethiopia. Sunayen na Afirka ne, amma bakin da ya raɗa su ba na ɗan ƙasa ba ne. A 2021 aka sa wa dutse mai lamba 35462 sunan Maram Kaire, masanin taurari ɗan Sanigal, saboda aikin da ya jagoranta a ƙasarsa na auna duwatsun sama tare da hukumar binciken samaniya ta Amurka. Aiki ne ya jawo masa, ba roƙo ba.

Sai dai akwai wata ƙofa da sunayen ƙasar Hausa suka shiga littattafan kimiyya ta cikinta. In ɓarɓashin dutse ya faɗo ƙasa, ƙa'ida ita ce a kira shi da sunan wurin da ya faɗa. Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani dutse mai nauyin kimanin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin lardin Katsina. Bincike ya nuna daga Mirrihu ya ɓallo, kuma yau duk mai nazarin wannan duniyar ya san kalmar Zagami. Haka Kabo ta ƙasar Kano a 1971, da Mayo Belwa a 1974, da Gujba a 1984. Dalili ɗaya ne: an sami wanda ya rubuta rana da wuri.

A gwada wannan da dutsen da aka tsinta a jihar Agadas cikin Nuwamba, 2023, mai nauyin kusan kilo 25, shi ma daga Mirrihu. Ya fita ta hannun 'yan kasuwa, aka yi gwanjonsa a New York cikin Yuli, 2025, kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike. Sunansa a littafi NWA 16788, watau lamba kurum cikin tarin duwatsun arewa maso yammacin Afirka. Dutsen ya tafi, sunan ƙasar ma bai bi shi ba.

Darasin ya shafi ɗalibi da ma'aikaci baki ɗaya. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ko dagacin da aka kawo wa labarin dutse ya faɗo a fadamar Rima, wajibinsa ya rubuta rana da sa'a da sunan ƙauye, ya kai shi inda za a adana. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu bai yi nisa ba. Ɗaliban jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero kuwa su sani cewa akwai shirye-shiryen da ke aiko wa makarantu hotunan manyan madubai ta intanet domin a nemi sababbin duwatsu, ba a bukatar komai sai kwamfuta da haƙuri. Kalmar Argungu harafi bakwai ce, ta cika kowane sharaɗi. Abin da ya rage shi ne a sami ɗan ƙasa mai ido da juriya wanda zai zama uban suna.

Allah ya sa a dace, amin.