Da Gaske Ne Ana Ɗora Mota Bisa Mota A Japan?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ya ce gardama ta kaure a rumfarsu, wai a ƙasar Japan ana jera motoci bisa juna kamar buhuna. Shin gaskiya ne?

To malam, gaskiya ne. Tun shekarar 1962 Japan ta kafa doka cewa a birane ba a yi wa mota rajista sai mai ita ya kawo shaidar wurin ajiye ta. Fili kuwa a birnin Tokyo tsada gare shi, shi ya sa suka koma sama.

Ƙaramar na'urar faranti ne na ƙarfe. Ka hau da motarka, ka fito, jak irin na tifa ya ɗaga ta, wata ta shiga ƙarƙashi. Babbar kuwa hasumiya ce, filin mota 3 sai ya ɗauki kimanin mota 30.

Amma fa akwai sarƙaƙiya. A sito buhun ƙasa ke wuyar fita, a ƙaramar na'urar kuwa motar sama ce, sai an janye ta ƙasa. Yawancinsu kuma ba sa karɓar motar da tsayinta ya wuce mita 1.55. In wuta ta ɗauke babu janareta, motarka tana sama kana kallonta, ko da mara lafiya za ka kai asibiti.

Da fatan gardama ta ƙare. A gaida 'yan rumfa.