Akwatin da ke tafiyar da injin shinkafa

Jama'ar Masama, da na Gwandu da Kalgo.

Shinkafar da kuke nomawa a fadama, manyan injinan Birnin Kebbi da Argungu ne ke sayen da yawa daga cikinta. A cikin irin waɗannan injina akwai wani ɗan akwati, ƙaramar kwamfuta ce, injiniyoyi suna ce mata PLC. Ita ke kunna motar injin, ita ke kashe ta, ita ke lura da zafin tururi. Ta tsaya, inji ya tsaya. Inji ya tsaya, ciniki ya tsaya.

To ga matsalar. Kamfanonin da ke ƙera akwatin sukan daina yin tsohon samfuri. Siemens na Jamus, alal misali, ya fara janye samfurinsa S7-300 a 2023. In sabbin sun ƙare, sai neman na gwanjo, a Legas ko ta intanet, kuma jabu yana da yawa.

Abin da ya fi damuna ma ba ƙarfen ba ne. Umarnin da aka rubuta a ciki ne. A wasu tsofaffin, batir ya mutu, umarni ya goge.

Masu injina, ku adana kwafin umarnin nan yau. Ku sayi wani akwatin ku ajiye tun ana samu.