Tsofaffin Kuɗin Da Ƙasa Ta Ajiye Mana



Za mu fara da amsa laifinmu. Muna ƙananan malamai, an taɓa haƙa harsashin wani aji, sai ga tukunya ɗauke da tsofaffin kuɗi. Don murna, muka sa ɗalibai suka dirje su da toka da lemon tsami har suka yi ƙyalli. Da muka duba, rubutun da yawansu ya shafe. Abin da ƙasa ta adana shekara da shekaru, mu muka lalata shi a yini guda.

Mun tuno wannan ne domin a yau samarinmu na yawo da na'urar gano ƙarfe, wadda ta bazu tun bayan samun zinariya a Jado ta Jamhuriyar Nijar a 2014. Sau da yawa, a kufai da gonaki, abin da na'urar ke tono musu shi ne anini da dari da kwabo.

Darajar waɗannan kuɗi tana cikin rubutunsu. A 1907 Turawa suka fara buga kwabo da anini masu huji, da tauraro mai tsini 6 da rubutun Larabci. Anini 10 ne kwabo, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Aninin farko na alminiyam ne. Akwai na 1936 masu ɗauke da sunan Sarkin Ingila Edward na 8, wanda ya yi murabus a shekarar da ya hau. Sulen 1913 azurfa ne, amma daga 1920 aka koma buga shi da farin tagulla. Nijeriya ta fitar da nata a 1959, Naira kuma ta zo a 1973. Wanda ya goge shekara, ya goge duk wannan shaida.

To, yaya za a tsabtace su? Da farko a rubuta wurin da aka tsinta da ranar. Sannan a jiƙa su cikin ruwa mai tsabta. Na sama ya fi na rijiya, domin ba shi da gishiri. A riƙa sauya ruwan har kwanaki, sai ƙasar ta yi laushi. A cire ta a hankali da tsinken sakace da buroshin haƙori mai taushi. A shanya su su bushe sarai, a sa kowanne cikin ambulan ɗinsa. Kada a kusantar da su ga yashi, toka, tsamiya, lemo ko asid. Duhun da ya kama jikinsu rigarsu ce, a bar musu. In kuwa aka ga koren gari yana tasowa, ƙarfen ne ke cin kansa. A ware shi, a kai wa masana.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙar kayan tarihi ba izini. Duk wanda ya ci karo da tukunya, ya sanar da mai unguwa, a sanar da hukuma.

'Yan'uwa, ku da ke da ta cewa a gidajenku, ku isar da wannan ga ƙannenku kafin dillalai su saye a kilo. Mu dai mun yi namu kuskuren. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.