Ƙodar da ta zo da baƙo: yadda ake farautar cuta a jikin mamacin da ya ba da gaɓoɓinsa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Yau zancen dashen gaɓoɓi za mu yi, amma ta wani ɓangare da ba a cika taɓawa ba. A ƙasashe irin su Amurka, Sifaniya da Ostareliya, yawancin gaɓoɓin da ake dasawa daga jikin mamata ake ciro su, bisa amincewarsu tun suna raye ko ta iyalansu. Mutum ɗaya zai iya ceton rai har takwas. To amma tambayar ita ce: idan akwai wata cuta ɓoye a jikinsa wadda ba wanda ya sani fa?

Bari in ba ku wani labari da ya faru da gaske. A watan Disambar 2006 wani mutum ɗan shekara 57 ya rasu a Ostareliya sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, kwana goma bayan ya dawo daga ziyarar wata uku a yankin tsohuwar Yugoslabiya. Aka ciri hantarsa da ƙodojinsa biyu aka dasa wa mata uku. Aiki ya yi kyau, iyalai na murna. Cikin mako huɗu zuwa shida duk su ukun suka rasu, bayan zazzaɓi da rikicewar ƙwaƙwalwa. Likitoci suka yi duk gwajin da suka sani, na bairos da na bakteriya, ba a ga komai ba.

Me ya sa ba a gani ba? Saboda gwajin asibiti na yau da kullum kamar mai gadi ne da aka ba wa hotunan ɓarayi biyar ko shida. An ce masa ga HIV, ga ciwon hanta nau'in B, ga nau'in C, ga tunjere, in ka gan su ka tare. Duk wanda ba ya cikin hotunan, ko da wuƙa ce a aljihunsa, sai ya yi sallama ya wuce. Gwajin nan abin da ka tambaye shi kawai yake amsawa.

Sai aka aika samfurin jini da tsokar matan nan zuwa Jami'ar Columbia da ke New York, ɗakin binciken Farfesa Ian Lipkin. Can suka bi wata hanya daban, wato karanta jerin ƙwayoyin halitta. Ku natsu a nan, don shi ne zuciyar shirin.

Duk wani abu mai rai, da mutum da bakteriya, har da bairos, yana ɗauke da rubutun da ke bayyana shi, DNA ko RNA. Haruffa huɗu ne kacal ake jerawa. Na ɗan Adam ya kai haruffa kusan biliyan 3, na bairos kuwa sau da yawa 'yan dubbai ne. Abin da ake yi shi ne a kwashe duk rubutun da ke cikin samfurin, ba tare da an zaɓi na wane ba, a yayyanka shi guntu-guntu, na'ura ta karanta kowane guntu. Daga nan kwamfuta ta ware na mutum gefe guda, ragowar kuma ta kwatanta su da rumbun bayanan ƙwayoyin cutar da aka sani a duniya. Ka ga yanzu ba hoto mai gadi yake dubawa ba, kowa ya zo sai an caje shi.

A samfurin matan nan an karanta guntaye 103,632. A cikinsu guda 14 ne kawai suka nuna baƙon. Goma sha huɗu fa, jama'a! Wani bairos ne da ba a taɓa gani ba, daga dangin da ɓeraye ke ɗauke da su, aka sa masa suna Dandenong. An buga binciken a mujallar New England Journal of Medicine a 2008. Kuma abin da zai ba ku mamaki, danginsu ɗaya da bairos ɗin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969.

Wani zai ce, to ai shi mai gaɓoɓin bairos ɗin bai kashe shi ba, me ya sa ya kashe su? Amsar tana cikin maganin da ake ba wanda aka yi wa dashe. Dole a danne garkuwar jikinsa, in ba haka ba jikin zai yaƙi sabuwar gaɓar. Ƙwayar da mai lafiya zai murƙushe cikin kwanaki, ita ce za ta sami gida ba mai tsaro.

Ba a Ostareliya kaɗai aka ga irin wannan ba. A 2004 a Amurka, mutum huɗu sun mutu da ciwon haukan kare bayan an dasa musu gaɓoɓin mutum ɗaya. Sai daga baya aka ji cewa ya taɓa faɗa wa abokansa jemage ya cije shi. A 2007 a Chicago, mutum huɗu suka kamu da HIV da ciwon hanta nau'in C daga mamacin da gwajinsa ya fito ƙalau, domin bai daɗe da kamuwa ba, jikinsa bai kai ga nuna alamar da gwajin ke nema ba.

To tunda ga fasaha, me ya hana a yi wa kowane mamaci wannan karatun kafin dashe? Abu uku ne.

Na farko, lokaci. Zuciya da huhu awa 4 zuwa 6 suke iya yi a wajen jiki. Hanta kamar awa 8 zuwa 12. Ƙoda ce mai haƙuri, tana kai awa 24 zuwa 36. Shi kuwa wannan gwajin, a asibitocin da ke yin sa, yakan ci kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Ana ta ƙoƙarin rage shi da ƙananan na'urori irin su MinION, wadda ba ta fi a sa a aljihu ba, amma har yanzu tsere ne tsakanin na'ura da agogo.

Na biyu, hayaniya. Mafi yawan abin da na'urar ke karantawa na mutumin ne, na cutar ɗan mitsitsi ne. Sannan jininmu cike yake da bairos marasa cutarwa, wasu guntayen kuma daga fatar ma'aikaci ko sinadaran gwajin suke shigowa. Idan duk abin da aka gani aka tsorata aka zubar da ƙoda, wa aka cuta? A Amurka kaɗai sama da mutum 100,000 ke layin jiran gaɓa, kuma kullum sai an rasa fiye da goma a cikinsu. Ƙodar da aka zubar bisa kuskure ma rai ce.

Na uku, inda aka duba. Bairos ɗin haukan kare a jijiyoyi da ƙwaƙwalwa yake tafiya, ba a jini ba. Ka karanta jini sau goma ka ƙi ganinsa. Shi ya sa har gobe ba abin da ya maye gurbin zama da iyalan mamaci a tambaye su: ya yi tafiya? Wata dabba ta cije shi? Ya yi zazzaɓi kwanan nan?

Ni dai ra'ayina, amfanin sanin cuta ba wai a zubar da gaɓa ba ne, a'a, a shirya mata. Ko sakamakon ya fito bayan an gama dashe, yana da amfani. A 2013 wani mutum a jihar Maryland ya mutu da haukan kare, fiye da shekara guda bayan an dasa masa ƙoda. Karatun ƙwayoyin halitta ya nuna bairos ɗinsa iri ɗaya ne da na mai ƙodar. Aka nemo sauran mutum ukun da suka karɓi gaɓoɓinsa aka yi musu rigakafi, ba wanda ya kamu. Haka kuma a yau ana dasa ƙodar mai ciwon hanta nau'in C da gangan, da sanin mai karɓa, saboda akwai maganin da ke warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari. A Afirka ta Kudu, Dakta Elmi Muller ta fara dasa ƙodar mamata masu HIV ga masu HIV tun 2008. Kun ga cutar da aka san sunanta ana iya lissafi da ita.

Ina ruwanmu da wannan? Akwai. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, kuma a Najeriya kusan duk ƙodar daga rayayyu take zuwa, galibi 'yan uwa. Masu wankin ƙoda kuwa sai ƙaruwa suke. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta ɗaukar gaɓar mamaci da izini tun 1988, don haka ko ba jima ko ba daɗe wannan muhawarar za ta iso mu. Kuma mu ne ke zaune da Lassa, da haukan kare, da zazzaɓin cizon sauro. Jerin hotunan da aka ba mai gadi a Turai ba lallai ya ishe mu ba.

Daɗin abin, fasahar tana gida. A lokacin ɓarkewar Lassa ta 2018 an yi amfani da MinION a asibitin Irrua na jihar Edo. A Maris 2020 kuma cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede a jihar Osun ce ta fara karanta jerin bairos ɗin korona a duk Afirka. Tambayata ga jami'o'inmu na Arewa da gwamnoninmu: yaushe za mu ga irin wannan cibiyar kusa da asibitocin da ke dashe? Ku kuma 'yan uwana da kuka karanta ilimin ƙwayoyin cuta ko kwamfuta kuke zaman jiran aiki, wannan fannin yana neman masu iya tace bayanai, kuma da kwamfuta da intanet ake fara koyonsa.

Ga tambayar wannan makon, ina jiran amsoshinku: da kai ne ke wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, aka ce ga ƙoda ta samu amma sakamakon babban gwajin sai jibi, za ka karɓa ko za ka jira ta gaba?

Ku tura wa wani ya karanta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.