ZAƁEN KWAMFUTAR DA ZA TA TUƘA TEBURIN YANKAN ƘARFE

Jawabin da aka gabatar a madadin kwamitin koyar da sana'o'i a taron shekara-shekara na ƙungiya



Masu girma iyayen ƙasa, malamanmu, shugaban taro, shugabannin ƙungiya na gida da na rassa, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata da suka baro Birnin Kebbi, Sakkwato, Kaduna, Kano, Abuja da Legas domin halartar wannan taro, muna yi muku barka da zuwa gida, da fatan kun iske iyali lafiya.

Wataƙila wasu za su yi mamakin ganin mutanen da suka ƙare ƙuruciyarsu tsakanin alli da baƙin allo sun miƙe suna maganar kwamfuta. Mu ma mun yi mamakin sa'ad da aka sa mu cikin wannan kwamiti. Daga baya muka gane hikimar shugabanni: tsohon malami ba ya jin kunyar tambaya, kuma ba ya barin ɗalibi ya wuce sai ya yi bayanin da kowa zai fahimta. Da wannan hali muka tsare 'ya'yanmu injiniyoyi da tambayoyi wata da watanni, kuma abin da muka tatso daga gare su shi ne za mu shimfiɗa a gabanku yau.

Kamar yadda kuka sani, a taron bara ne aka yanke shawarar sama wa matasanmu masu walda teburin yankan ƙarfe mai aiki da kwamfuta, kuma ku mazauna birane ku ne kuka ɗauki kaso mafi tsoka na kuɗin. Dalili a fili yake. Yaranmu sun iya haɗa ƙofa da taga, amma duk ƙofar da ke da ado da zane mai kyau, daga manyan birane ake kawo farantinta a yanke. Manoman shinkafa da albasa na yankin Jega, Aliero da Maiyama kullum suna neman wani ɓangare na injin sussuka ko garmar shanu ko amalanke, a yi ta gwaji da guduma da kurfi kafin a dace. Kuɗin da ya kamata ya kwana a Liba sai ya kwana a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano.

An daidaita kan teburin, amma da aka zo kan kwamfutar da za ta tuƙa shi sai ra'ayi ya rabu. Wasu suka ce a sayi laftof mafi tsada domin kada a yi abin kunya. Wasu suka ce ai ko wayar hannu ta isa. Kafin mu faɗi matsayinmu, ya kamata mu fara sanin aikin da ake so kwamfutar ta yi, domin ba a sayen jaki sai an san kayan da zai ɗauka.

Injin yankan, wanda ake kira filasma, yana hura matsattsiyar iska ta wani siririn baki, sannan ya ratsa ta da wutar lantarki. Iskar sai ta zama harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 20,000 a ma'aunin Selshiyas, ta narkar da ƙarfen, ta kuma feso narkakken ta ƙasa. A Amurka aka ƙirƙiro wannan dabara cikin shekarun 1950. Shi kuma teburin, wanda ake kira CNC, aikinsa shi ne riƙe bakin wutar ya zagaya da shi kan faranti bisa zanen da aka ba shi. Asalin wannan ma tsoho ne: tun a 1952 aka nuna injin farko mai sassaƙa ƙarfe da umarnin lambobi a jami'ar MIT ta Amurka. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne araha. Abin da a da sai masana'antar jiragen sama, yau ga shi a rumfar mai walda, har wasu a ƙasashen waje suna haɗa shi a gida domin sha'awa kawai.

Ƙananan motoci ne ke tura bakin wutar gaba da baya, dama da hagu. Irin da aka fi amfani da su suna juyawa ne taki-taki, taki 200 kafin su cika zagaye ɗaya, kuma kowane taki sai kwamfuta ta aiko da sigina. Dubban sigina ke fita a cikin daƙiƙa guda, kowace a kan lokacinta. In kwamfutar ta ɗan shagala da wani aiki, ko da na ƙiftawar ido ne, bakin wutar zai yi tuntuɓe, ya ɓata faranti mai tsada. Ashe ke nan abin da ake nema shi ne kiyaye lokaci. Mu da muka riƙe makaranta mun san cewa yaron da ake ba ƙararrawa shi ne wanda ba ya makara, ko da kuwa wani ya fi shi ƙoƙari a lissafi.

Sai kuma muka fahimci cewa aikin iri biyu ne. Akwai aikin zane, inda ake tsara furen ƙofa ko haƙorin garma, a mayar da shi umarnin da inji ke ganewa. Wannan a ofis ake yin sa, cikin inuwa, kuma kowace laftof mai lafiya za ta iya, da manhajoji na kyauta irin su Inkscape da LibreCAD. Akwai kuma aikin tuƙi, wanda dole kwamfutarsa ta zauna kusa da wuta da hayaƙi. A kan wannan ta biyun ce ake taƙaddama.

An kawo mana 'yan takara uku. Na farko shi ne Arduino, wani ɗan allon lantarki da bai kai tafin hannu ba, wanda aka fara yi a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin koyar da ɗalibai. In an ɗora masa manhajar GRBL yana tuƙa motocin tebur daidai, ga araha, ga sauƙin koyo. Rauninsa shi ne ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, yawanci yana dogara da wata kwamfutar ta riƙa miƙo masa umarni ta wayar USB, kuma shi kaɗai ba ya lura da tazarar bakin wuta daga faranti. Wannan tazara kuwa babbar magana ce, domin siririn faranti yana banƙarewa in ya ji zafi, kuma in bakin bai ɗaga ya sauka tare da shi ba, ko dai ya ƙi yankewa ko ya ci karo ya lalace.

Na biyu shi ne Raspberry Pi, cikakkiyar kwamfuta mai girman katin banki, wadda aka fito da ita a Ingila a 2012 kan dala 35. Samfurinta na huɗu ya fito a 2019, na biyar a 2023. Wutar da na huɗun ke ci ba ta wuce wat 15 ba, wato ƙaramin batir da farantin sola sun wadace ta. Sai dai tana ajiye komai nata a kan ɗan katin ajiya irin na waya, wanda ke saurin rikicewa in wuta ta ɗauke ana cikin aiki. Tana kuma rage gudu da kanta in zafinta ya kai wajen digiri 80. Babbar damuwarmu da ita ita ce, in ta mutu ranar Talata, wa zai tashe ta kafin Juma'a? Sai an aika birni, wani lokaci ma sai an yi oda daga waje.

Na uku ita ce ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, irin wadda bankuna da ma'aikatu ke sauyawa, mai girman littafin rajistar makaranta. Ana cire mata Windows a sa mata LinuxCNC, manhaja ta kyauta wadda asalinta daga hukumar ma'aunai ta gwamnatin Amurka ne, kuma an gina ta ne musamman domin kiyaye lokaci. Tana da sashe na aikin filasma wanda ke lura da tazarar bakin wuta. Ana haɗa kwamfutar da wani kati na musamman ta wayar sadarwa irin ta intanet, katin ya riƙa fitar da siginar motoci. Ita wannan duk mai gyaran kwamfuta a Jega ko Birnin Kebbi ya san cikinta, kuma kayan gyaranta suna kasuwa.

Kafin yanke hukunci sai muka auna su da maƙiyan da ke jiran su a garinmu. Maƙiyi na farko ƙura. Ban da ta hunturu da ke shiga har cikin akwatin tufafi, shi kansa injin yana fitar da garin ƙarfe mai laushi kamar kwalli, kuma wannan gari yana ɗaukar lantarki. Kwamfuta mai fanka tana zuƙar sa da kanta, ya kwanta mata a ciki ya haɗa wayoyin da bai kamata su haɗu ba. Wannan kaɗai ya isa ya kayar da shawarar ajiye laftof mai tsada a bakin tebur. Na biyu zafi: a watan Afrilu da Mayu yanayinmu yana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin rufin kwano. Na uku wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa. Injin filasma da kwampiresonsa suna jan wuta mai yawa, kuma duk lokacin da suka tashi sai janareta ya yi nishi. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san abin da awa ɗaya ta janareta ke ci, don haka ba mu da halin maimaita aiki saboda kwamfuta ta mutu a tsakiyar yanka.

Maƙiyi na huɗu ba a ganin sa da ido, kuma shi ya fi ba mu mamaki. Yawancin injinan filasma masu araha suna kunna wutarsu ne da wani tartsatsin lantarki mai ƙarfi, wanda ke bazuwa a iska kamar yadda walƙiya ke sa rediyo ƙara da damina. Wannan tartsatsi yana rikita kwamfutar da ke kusa, musamman ta wayar USB, har ta daskare ko ta tura inji inda ba a aike shi ba. Maganinsa shi ne a sayi injin da ke kunnawa ba da irin wannan tartsatsi ba, a kafa sandar ƙarfe a ƙasa a ɗaure teburin da ita, a raba hanyar wayoyin sigina da ta manyan wayoyin wuta. Araha ba ta ado: in muka tsimi kuɗi a kan injin, za mu biya su ninki a kan kwamfuta.

'Yan'uwa, akwai abin da ya sa muka dage kan batun gyara fiye da komai. Mu 'yan zamanin shirin ilimin firamare na bai ɗaya ne na 1976, lokacin da aka buɗe ƙofofin kwalejojin horon malamai ga 'ya'yan talakawa. Muna cikin aiki aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, aka kawo wa makarantun sakandare injinan koyar da sana'a daga ƙasashen waje. Da idonmu mun ga akwatunan a wata makaranta kusa da inda muke koyarwa. Babu wutar da za ta tashe su, babu malamin da aka koya wa sarrafa su. Shekara ta bi shekara, gara ta cinye katakon, tsatsa ta cinye ƙarfen, yaran da aka kawo su dominsu suka gama suka tafi ci-rani ba su taɓa ganin injin ya juya ba. Waccan dukiyar gwamnati ce. Wannan kuwa guminku ne, na ɗan kasuwa da ma'aikaci da direba da mai gadi, kuma ba mu son a wayi gari mu ne muka maimaita abin da muka daɗe muna zargi.

Saboda haka ga shawarar kwamiti. A ɗauki ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, in da hali marar fanka, a sa mata LinuxCNC, a rufe ta cikin akwatin ƙarfe nesa kaɗan da tebur, a ba ta batir da inbata nata na kanta. A sayi guda biyu iri ɗaya, a shirya ta biyun tsaf a kulle a ofis, domin ranar da ta farko ta gaza a sauya cikin awa guda. Kada a haɗa ta da intanet, kada a yi kallon fim ko cajin waya da ita. Arduino kuma ba mu yar da shi ba: a sayi kaɗan a haɗa ƙaramin tebur mai riƙe biro, yara su koyi zane a kan takarda kafin a bar su su taɓa wuta, kamar yadda ake fara rubutu a allo kafin a ba yaro littafi. Rarar kuɗin da za a samu daga fasa sayen babbar laftof a zuba shi a kan matatar da ke cire ruwa daga iskar kwampireso, da tabaran kare ido, da safar hannu, da fankar fitar da hayaƙi, domin hasken filasma yana ƙona ido, hayaƙinsa kuma yana cutar da huhu.

Roƙonmu gare ku mazauna birane guda uku ne. Wanda ofishinsu ke sauya kwamfutoci, ya tuna da gida, amma ya tuntuɓi kwamiti kafin ya turo, kada shagon ya zama juji. 'Ya'yanmu da suka karanta injiniyanci, ko a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero da aka kafa a 2006, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ko wani wuri, kowa ya ba mu mako ɗaya daga hutunsa ya koyar, har sai mun sami aƙalla yara huɗu da za su iya kwance na'urar su mayar. Sannan duk mai gini a birni ko a gida, ya kawo aikin ƙofarsa nan, domin shagon da babu ciniki rufewa yake yi komai kyawun injinsa.

Daga ƙarshe, muna kira da a sa maƙeran garinmu a gaba cikin wannan al'amari. Su suka san kaurin ƙarfen da ke jure ƙasar fadama da lanƙwasar da lauje ke buƙata, kuma kwamfuta ba za ta yanka komai ba sai abin da mai ilimin ƙarfe ya gaya mata. Da tsohuwar zuma ake magani. Muna so 'ya'yansu su kasance cikin rukunin farko na masu koyo.

Mun gabatar da wannan shawara ga babban taro domin a duba, a gyara, a amince. Inda muka yi daidai, daga Allah ne. Inda muka yi kuskure, ajizancinmu ne, a yafe mana. Allah Ya albarkaci dukiyarku da zuri'arku, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya mayar da kowa masaukinsa lafiya.